Me ke kuka a cikin kyamara, kuma ana iya kashe shi?

Auwalu, ka ce wajen ɗaurin auren nan liman na tsakiyar addu'a kyamararka na ta ƙaras-ƙaras har dattawa suka riƙa waiwayowa. Kana tambaya me ke kukan tunda babu fim a ciki, kuma ko ana iya kashe shi. To, ɗauko Canon ɗin can, kwance gilashin gaban ka leƙa.

Ka ga ɗan madubin nan da ya kishingiɗa? Shi ke tura hoto sama zuwa inda kake sa ido. Kana dannawa sai ya yi tsalle ya ba haske hanya. A bayansa akwai labule biyu na siraran ƙarafa, su ake kira shota, na farko ya buɗe, na biyu ya bi sawunsa ya rufe, sannan madubin ya faɗo mazauninsa, duk kafin ka ƙifta ido. Fim kawai aka cire aka sa sensa, wato ɗan faifan lantarki mai karɓar hoto, a gurbinsa, ƙarafan suna nan daram. Saboda haka kukan DSLR, wato kyamara mai madubi irin wannan, na gaske ne, a yawancinsu babu saitin da zai kashe shi. Nikon na da wani mai harafin Q, Canon ma na da irinsa, amma iyakacinsu su sassauta dukan madubin, ƙarar ta ragu. Labulen kuma yana tsufa: na Canon 5D Mark III an ƙiyasta masa ɗauka 150,000. Shi ya sa nake hana ku danne-dannen banza, kuma kada ka sayi ta hannu ba ka duba adadin da ta ɗauka ba.

Ta waya kuwa ƙarar bogi ce, naɗa ta aka yi aka ajiye. Sai dai wayoyin da ake sayarwa a Japan da Koriya ta Kudu da gangan ake hana kashe ta, don kada a ɗauki mutane a ɓoye.

Shiru na sosai yana wajen marar madubi, irin Sony ɗinmu. Ka shiga saiti ka zaɓi shotar lantarki, labulen ya zauna a buɗe, sensa ta yi aikin ita kaɗai. Ko tari ba za ta yi ba. Amma fa ba kyauta ba ne. Sensar ba ta ɗaukar hoton gaba ɗaya, layi-layi take karantawa daga sama zuwa ƙasa. Idan doki ya zo a sukwane ranar hawan sallah, kafin ta kai ƙasa ya riga ya gusa, sai ka ga mashin mahayi ya lanƙwashe. A nan ka koma wa labulenka, dama kalangu da bindiga sun cika wuri, wa zai ji ka?

Matsala ta biyu ta fi ɓata aiki. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa na ƙyaftawa sau 100, ido ba ya gani amma sensa na gani. A zauren biki mai fitilun LED sai hoto ya fito da zane-zanen duhu a fuskar amarya, kuma gyaran wannan a kwamfuta wahala ce. Ka sa gudun shota a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa, ka ɗauki gwaji ka duba. In janareta ne ka duba sau biyu, don gudunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Filasha ma a yawancinsu ba ta tashi da shotar lantarki.

Manyan kyamarori sun shawo kan yawancin wannan. Nikon Z9 ta 2021 ba ta da labulen ɗauka kwata-kwata, Sony a9 III da aka sanar a 2023 kuma tana karanta sensa duka a lokaci guda. Kuɗinsu dai ya fi ƙarfin shagon nan tukuna.

A masallaci da wajen tafsiri ka kashe ƙarar. A cikin shago ka bar ta, don kwastoma ba ya sakin jiki sai ya ji ƙaras, in ba haka ba zai yi ta sandarewa yana tambayarka ko ka ɗauka.