Warin Hypo a baki lokacin wankin jijiyar haƙori

'Yar'uwa, kin ce kin ji warin Hypo a bakinki ranar da likita ke wanke miki jijiyar haƙori, kina tambaya ko daidai ne. Hancinki bai yi miki ƙarya ba. Na daɗe ina miƙa wa likitoci kayan aiki a ɗakin haƙori, wannan warin kuwa shi ne turarenmu na kullum.

Sunan ruwan sodiyam haifokulorait, sinadarin da ke cikin bilicin wanki, sai dai namu a auna yake, daga 0.5 zuwa kusan 6 cikin ɗari. Ba sabon abu ba ne, tun 1915 wani masanin sinadarai, Henry Dakin, ya sirka shi don wanke raunukan sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ramin da ke cikin saiwar haƙori ba miƙaƙƙe ba ne, yana da rassa da lunguna, kuma siraran ƙarafan da likita ke zurawa ba sa kaiwa ko'ina. Ruwan ne ke bin lungunan, ya narkar da ruɓaɓɓen naman jijiya, ya kashe ƙwayoyin cuta. Wani ruwan wankin kuma, kulohekzidin mai kashi 2, yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya narkar da komai, in kuma ya haɗu da na farkon sai su yi wata laka mai launin ruwan ƙasa, shi ya sa ake ɗauraye ramin tsakaninsu. Ana bi da wani ruwa, EDTA mai kashi 17, don ya kwashe lakar da gogar ƙarfe ke bari a bango. Farin kwaɓin da aka cusa miki kafin ki koma, galibi kalsiyam haidiroksaid ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ɗanɗanonsa zai iya kaiwa harshe. Ya kamata a ɗaura wata 'yar roba ta keɓe haƙorin, amma wurare da yawa ba sa yi, don ganda ko tsimi. Na taɓa ganin an tura allurar wankin da ƙarfi har ruwan ya zarce ƙarshen saiwa. Nan take matar ta yi ƙara, kumatunta ya haye, ta yi makonni tana jinya.

In kin koma, ki ce a sa miki robar. In kin ji zafi mai ƙuna farat ɗaya, ɗaga hannu a dakata. Kuma don Allah kada ki kuskure baki da Hypo na gida. Allah ya ba ki lafiya.