Kwalbar lemo ta ishe ka misali

Malam, ka tambaya ko manyan kamfanoni da gaske suke kan wannan batu na kare muhalli da rage ɓarna, ko kuwa talla ce kawai. A ganina suna yi, amma iya inda ba zai taɓa cinikinsu ba.

Ɗauki Coca-Cola. A 2022 suka yi alkawarin nan da 2030 kashi 25 cikin 100 na lemonsu za a riƙa sayar da shi ne a mazubin da ake mayarwa a sake cikawa. Disambar 2024 suka fito da sabon tsari, wancan alkawari ya yi ɓatan dabo, sai maganar tattara roba a sake narkawa. Abin dariya, mu nan da kwalba muka taso ai. Mai shago ba ya barin ka tafi da ita sai ka ajiye kuɗin kwalba, mota ta zo ta kwashe akwatuna. Yanzu leƙa kwata bayan ruwan sama, robobi ne fal sun toshe ta.

BP, kamfanin mai na Birtaniya, shi ma haka: a 2020 ya ce zai rage haƙo mai da gas da kashi 40, a 2023 ya dawo 25, a 2025 ya janye maganar gaba ɗaya.