Ƙanwata, kafin ki biya kuɗin kai Mama Japan

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun da safe na ga tambayarki, na wuce, na dawo, na sake wucewa, amma zuciyata ta ƙi bari na yi shiru. Kin ce kina so ki kai Mama Japan kwana goma cikin ayari mai jagora, Tokyo, Takayama, Shirakawa-go, Kanazawa, Kyoto da Nara, ga Mama da ciwon gwiwa, kuma ejan ɗin ya ce miki "an tanadi komai, abinci halal ne, akwai lokacin salla." Wannan maganar tasa ita ta zaunar da ni. Haka aka faɗa mini, babu ragi babu ƙari, kuma hanyar nan dai ita muka bi ni da Alhaji a cikin watan Nuwamba.

Ba zan ce kada ki je ba. Wallahi ƙasar ta cancanci a gan ta. Amma bari in ba ki labarin ranarmu ta Shirakawa-go tukuna, don har yanzu in na tuna sai cikina ya juya.

Ƙauye ne a cikin duwatsu, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a mota daga Takayama. Gidajen katako ne manya da jinkar ciyawa mai kauri, an tsayar da ita tsaye kamar an haɗa tafin hannu biyu, don ƙanƙara ta riƙa zamewa ƙasa. A 1995 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Jagorarmu ta ce in jinkar gida ta tsufa, mutanen gari ne ke taruwa su yi sabuwa, Alhaji ya ce ashe su ma sun san gayya. Muka isa ɗaya da rabi. Ta ɗaga 'yar tutarta ta nuna agogo: ƙarfe uku daidai mota za ta tashi zuwa Kanazawa. Motocin 'yan yawon suna tsayawa ne a tsallaken kogi, sai an bi wata doguwar gada siririya da ƙafa kafin a shiga garin. Ki riƙe maganar gadar nan.

Ba mu yi azahar ba. A lokacin nan na shekara rana tana faɗuwa wajen huɗu da rabi, a cikin kwarin duwatsu kuwa duhu ma ya riga hakan. In muka shiga mota, la'asar ma ta tafi. Muka shiga gida ɗaya muka ga murhunsu na tsakar ɗaki da saman bene inda a da suke kiwon tsutsar siliki, muka fito neman inda za mu yi alwala. Ruwan kamar ana yanka mutum da reza. Sai neman wuri. Muka samu bayan wata rumfar ajiye kaya kusa da gonar shinkafa. Nan Alhaji ya tsaya gardama da wayarsa, wai ta lalace, tana nuna masa yamma. Mutumin da shekara sittin yana fuskantar gabas! Ai daga Japan Makka tana yamma ne, an ɗan karkata arewa. Kafin in shawo kansa mintuna sun tafi. Muka idar, muka kamo hanya, gwiwata ta ce ba ta san zancen sauri ba, gadar nan cike da mutane ana ɗaukar hoto. Muka isa uku da minti goma sha huɗu. Wurin da motarmu take wayam.

Ƙanwata, jakata tana cikin motar. Fasfo ɗinmu biyu, maganin hawan jinin Alhaji, rigar sanyina mai kauri, takardar da ke ɗauke da sunan otal ɗin Kanazawa, duk suna ciki. Abin da ke hannuna sallaya ce da waya da 'yan canji. Na kira ejan ɗinmu. Na kira ya fi sau ashirin. Japan tana gabanmu da awa takwas, a gida bakwai na safe ta ɗan wuce, yana ta barcinsa na bayan asuba. Na tura saƙo, shiru. Shaguna suka fara rufewa, iska ta taso daga kogin, Alhaji ya zauna a kan benci ya yi tagumi bai ce uffan ba, wannan shirun nasa shi ya fi tayar mini da hankali. Ni da jikoki, na tsaya a filin ajiye motoci a ƙasar mutane ina kuka kamar yarinyar da ta ɓata a kasuwar Kurmi.

Wata tsohuwa mai sayar da tsaraba ce Allah ya turo. Ba ta jin Turanci, ba ma jin yarenta. Ta kalle mu, ta kalli inda mota take, ta gane. Ta shigar da mu shagonta kusa da abin ɗumama ɗaki, ta ba mu shayi, ta yi ta buga waya. Daga baya ta taka da mu har tashar motar haya da ke ɗaya ƙarshen garin. Motar Kanazawa sai wanda ya kama kujera tun da wuri, ita ta yi ta magana da mai tikiti har aka samo mana guri biyu a wata ta can yamma. Na miƙa mata kuɗi, ta ja da baya tana kaɗa hannu kamar na ba ta garwashi. Ba a ba da tukwici a can, ko a gidan abinci kada ki bari a kan tebur, biyo ki za su yi da shi. Allah ya shirye ta, ya saka mata, ban ma san sunanta ba.

Sunan otal kuwa a wani tsohon saƙo na tono shi. Muka isa da dare, jagorar tana tsaye a bakin ƙofa da jakata a hannu, tana ta sunkuyawa tana ba da haƙuri. Na zo da niyyar in wanke ta tas, sai ta buɗe takardarta ta nuna mini. Ta jira minti goma. Ta kira lambar da aka rubuta a gaban sunanmu, lambar ejan ɗin ce ta Najeriya, ba tamu ba. A layin da ake rubuta buƙatar abinci ko ta addini kuwa, gaban sunanmu babu ko ɗigo. Ashe bawan Allahn nan kujera biyu kawai ya saya mana a cikin ayarin kowa da kowa, ya ɗora ribarsa, ya yi mana daɗin baki. Mutumin da ya zauna a falona, na ba shi abinci, yana ce mini "Hajiya ai ke uwa ce." Da muka dawo na neme shi, sai cewa ya yi ai mu muka makara. Ko kalmar haƙuri. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba tukuna, kada wani ya zo ya yi mini wa'azi.

A nan na gane dalilin da ya sa kwana biyar muna cin farar shinkafa gaya. A Takayama an kawo mana naman shanun Hida da suke alfahari da shi, yana ta ƙamshi a kan wani ganye bisa wuta, muna kallo. Kuma matsalar ba ta tsaya ga alade ko yanka ba. Suna zuba giyar shinkafa a girki, mirin da sake, kamar yadda muke jefa daddawa, har a miyar da babu nama. Romon taliyarsu ramen galibi na ƙashin alade ne. Ki ajiye hoton wannan harafin a wayarki, 豚, shi ne alade, ki riƙa duba bayan leda. Mu abin da ya rufa mana asiri shagunan 7-Eleven da Lawson da FamilyMart ne: dafaffen ƙwai, ayaba, yogot, da curin shinkafa mai kifi a ciki da suke kira onigiri. A Tokyo da Kyoto akwai gidajen abincin halal, na 'yan Indiya da Pakistan da Turkiyya, har da na ramen ɗin halal a Asakusa, amma ayari ba zai karkata dominku ba sai an rubuta tun farko. A ƙauyukan dutse kuwa kada ki sa rai sosai.

Af, kada ki kuskura ki sa wa Mama kilishi ko dambun nama a akwati. An hana shiga da nama ko wane iri ne, akwai karnuka masu sunsuna kaya a filin jirgi, tarar tana iya kaiwa yen miliyan 3. Ni yaji na tafi da shi, na nuna musu, suka bar ni. Shi ya ceci shinkafar nan. Maganinta kuma ki bar shi a kwalinsa da takardar likita, in ya wuce na wata ɗaya sai an nemi izini kafin a tafi. Kuma a jikinki zai zauna, tare da fasfo, a 'yar jakar rataya. Doka ma ta ce baƙo ya riƙa yawo da fasfonsa.

Maganar gwiwa. Takardar tafiya za ta ce "ziyarar Kiyomizu-dera", ba za ta ce daga inda mota ke tsayawa hawa ne sosai a cikin cunkoso ba. Wurin bauta ne, yana da kyau, baranda ce ta katako mai tsayin mita 13 da aka kafa ba da ƙusa ba, ana hango Kyoto, amma ni na iso ina haki, aka ce saura minti ashirin a koma. Fushimi Inari mai jerin dubban jajayen ƙofofi dutse ne guda, Mama ta shiga na farko-farkon ta ɗauki hoto ta dawo, ya wadatar. Kinkaku-ji, wurin bautar da aka lulluɓe benayensa da zinariya, ya fi sauƙi, zagaye ɗaya ne a kan tsakuwa, ba a ma shiga ginin. Wanda za ku gani ɗin ma sabon gini ne na 1955, wani matashin ɗalibin wurin ya banka wa na asali wuta a 1950. Wayata ta riƙa ƙirga mini taku fiye da dubu goma sha biyar a rana. Ki saya mata takalmi mai taushi marar igiya, don cirewa da sawa ba ya ƙarewa, da safa masu kauri, katakon wuraren nan sanyi gare shi. Daga Kanazawa zuwa Kyoto kuma tun 2024 sai an canja jirgin ƙasa a Tsuruga, hawa da sauka cikin 'yan mintuna, jirginsu ba ya jiran ko sarki. Ki tura manyan akwatuna gaba daga otal zuwa otal, suna da wannan tsarin, washegari za ki tarar da su.

In an ce za ku kwana a masaukin gargajiya, ryokan, katifa ce a ƙasa kan tabarma. Ni na ji daɗinta, amma tashi ne aiki, da rarrafe na kai bango. Ki ce lallai ɗaki mai gado. Ki kuma tambaya ko akwai wurin wanka a cikin ɗakin, don wankansu na ruwan zafi na tarayya tsirara ake shiga, mata daban maza daban, amma dai tsirara. Na leƙa na juyo da salati. Banɗakunansu kam sai godiya, akwai maɓallin fesa ruwa kusan ko'ina, butata hutawa ta yi.

Wani abin da ba ki tambaya ba, amma ki zauna da Mama ku yi shi tun a gida: rabin tafiyar nan wuraren bauta ne. A Senso-ji na Tokyo za ku ga ana jawo hayaƙin turare zuwa jiki, ana jefa kwabo, ana zaro takardar duba. A na Shinto, addininsu na gargajiya, ana wanke hannu da baki a bakin ƙofa, a sunkuya sau biyu a tafa sau biyu. A Todai-ji na Nara gunkin Buddha ne na tagulla, kusan mita 15, a zaune. Ba wanda zai ce ku yi komai, mu gefe muke tsayawa muna kallon aikin katako da lambu, ba wanda ya taɓa ɗaga mana gira. Amma Alhaji da ya leƙa na Nara sai ya ce shi a waje zai jira, ya koma wurin bareyin nan da suka fi dubu suna yawo sakaka. Ya sayi biskit ɗinsu, suka yi masa taron dangi, ɗaya ta kama masa babbar riga. Ranar ce kaɗai na ga ya yi dariya har da hawaye. Ki san ra'ayin Mama tun yanzu, kada ki biya kuɗin abin da za ta zauna a mota.

In Juma'a ta same ku a Tokyo, ku bar ayarin ku tafi Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara. Ginin Turkawa ne, an buɗe shi a 2000 a gurbin tsohon masallacin 1938. Bayan kwanaki ina raɓe-raɓe da sallaya a bayan rumfuna, da na ji kiran salla a can sai ga hawaye. Na Kobe, wanda ya fi kowane tsufa, na 1935, da ya tsira daga bama-baman yaƙi da girgizar ƙasar 1995, ban samu zuwa ba, yana raina. Filayen jirgin Narita da Haneda da Kansai duk suna da ɗakin salla. Ki kuma je wurin malami ku yi maganar kasaru da haɗa salloli a tafiya kafin ku tashi. Da mun haɗa azahar da la'asar tun a Takayama, da duk wannan bai faru ba.

Shi ejan ɗin naki, ki ce ya ba ki sunan kamfanin Japan ɗin da ke riƙe da ayarin, ki rubuta musu da kanki. Ki ga takardar da suka amsa maganar abinci, ki ga lambar wa aka sa a gaban sunanku, ki sayi layin waya da zai yi aiki a can, ki karɓi lambar jagora tun ranar farko. In ya fara "Hajiya ki yarda da ni mana," to ki riƙe kuɗinki. In aljihu zai ɗauka, ki nemi jagora naku ku kaɗai ko da na kwanakin dutsen ne, ko ki rage garuruwan, shida cikin kwana goma ya yi wa mai ciwon gwiwa yawa.

Turo mini takardar tafiyar ta akwatin saƙo in duba miki rana bayan rana, zan nuna miki inda hawa yake. Ki gaida Mama da jiki, ki tambayar mini ita ko tana iya zaman mota na awa biyu ba ta miƙe ƙafa ba.