Sun haddace kalmar, amma ba su gane abin ba

Tambaya: Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare. Ɗalibaina suna rera ma'anar fotosintesis (yadda ganye ke haɗa abincinsa da taimakon hasken rana) kamar waƙa, amma in na tambaye su me ganye ke yi da hasken rana, sai ajin ya yi tsit. In daina amfani da manyan kalmomin ne? Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Malama, kada ki daina, domin da su WAEC da NECO za su yi tambaya. Ki dai bari su ga abin kafin su ji sunansa.

Ki ajiye shukar wake a duhu kwana 2 don sitacin ganyenta ya ƙare. Ki rufe rabin ganye ɗaya da baƙar takarda, ki fitar da shukar rana ta yi awa 5. Sai ki tsinke ganyen, ki tsoma a tafasasshen ruwa na minti 1, ki sa shi a ƙaramar kwalba mai sifirit, ki tsayar da kwalbar cikin ruwan zafi har korensa ya fita. Ki kashe wutar tukuna, sifirit na kamawa nan take. Ki ɗauraye, ki ɗiga aidin. Inda rana ta taɓa zai koma shuɗi mai duhu, inda aka rufe ya zauna ruwan ƙasa. Shuɗin alamar sitaci ne, wato inda haske ya taɓa ne kawai ganyen ya haɗa abinci. Yanzu ne za ki faɗa musu kalmar ta Girkanci ce: foto haske, sintesis haɗawa.

Amma abin da ya fi damunmu ƙananan kalmomi ne, waɗanda yaro ke ganin ya riga ya sani. Da Hausa "nauyi" ɗaya ne, a kimiyya kuwa biyu ne. Buhun shinkafa mai kilo 50 ko a duniyar wata kilo 50 ne, wannan yawan abin da ke cikinsa ke nan. Jan da ƙasa ke masa kuwa da ma'aunin ƙarfi mai suna niyuton ake auna shi: kusan niyuton 490 ne a nan, a can bai wuce 82 ba. In kika fassara duka biyun da "nauyi", yaro zai riƙa rubuta kilo inda ake neman niyuton har ya kai aji shida. Haka "zafi": kofin shayi mai digiri 90 ya fi ƙuna, amma babbar tukunyar ruwa mai digiri 50 ta fi shi narkar da ƙanƙara mai yawa.

Sababbin kalmomi kada su wuce uku a darasi, kuma kowane ɗalibi ya fara bayyana abin da Hausarsa kafin ya rubuta na Turanci a littafi.