Ki ɗaga bargon ki duba da idonki

'Yar'uwa, sau uku na karanta tambayarki kafin na iya rubuta komai. Kin ce Mama ta fara mantuwa, ta faɗi sau biyu a banɗaki, ke kuma ga aiki ga yara, kina neman a faɗa miki yadda ake gane gidan kula da tsofaffi na ƙwarai kafin ki kai ta. Wallahi kamar ni kika rubuta. Haka na tsaya da Babanmu, Allah ya jiƙansa, bayan ɓarin jikinsa ya shanye, mantuwa kuma ta biyo baya.

Gidan farko da na kai shi, ranar da na je gani babu abin kushewa. Falo fes, furanni, ƙamshi ko'ina, matar da ta zagaya da ni bakinta kamar zuma. Ban san cewa ɗakunan da aka gyara domin baƙi kawai ake nuna wa mutum ba. Kuma ni da kaina na sauƙaƙa musu, don kullum ranar Asabar da la'asar nake zuwa, har in kira in ce ga ni nan tafe. Sai in tarar an yi masa wanka, an sa masa riga mai tsabta, an lulluɓe shi da bargo har ƙirji, ƙafafunsa cikin safa. Wata huɗu ina zama gefen gadon nan ina yi masa hira, ban taɓa ɗaga bargon ba.

Wata Talata aka tashe mu daga aiki da wuri, na wuce kai tsaye ban kira kowa ba. Tun daga baranda zarni ya tare ni. Na shiga, abincin rana na nan a rufe ya huce, kofin ruwa an ajiye shi ta ɓangaren hannun da ya shanye. Leɓɓansa duk sun tsage. Na ba shi ruwa, ya shanye kofi biyu yana haki. Sai na ce bari in matsa masa ƙafa, na zare safar. Dunduniyarsa baƙa ƙirin, kamar an ƙona. Jikina ya ɗauki rawa. Na juya shi da ƙyar, zanin gadon jiƙe sharkaf, a ƙasan bayansa wajen ƙashin kwankwaso ga rami, nama a buɗe, yana wari. Mutumin da ko maɓallin rigarsa bai taɓa bari a ɓalle ba a gabanmu. Na durƙusa ina kuka, shi kuma ya kama hannuna da hannun nasa mai lafiya ya ce, "Kada ki yi musu faɗa, in kin tafi za su ji haushina." Mutumin da yakan manta sunana, wannan bai manta ba. Har yau in na tashi cikin dare maganar nan nake ji.

Na je wajen shugabar masu jinya. Ko tashi ba ta yi ba. Ta ce in yi haƙuri, fatar tsoho ce, haka take yi. Ta ɗauko takardar da suke sa hannu duk lokacin da aka juya majinyaci ta miƙo min, wai in gani ana juya shi kowane awa biyu. Na duba, biro ɗaya, rubutu ɗaya, dare da rana, har layin ƙarfe huɗu da na shida na yammacin ranar an riga an sa hannu, alhali ƙarfe uku bai ma cika ba. Na nuna mata da yatsa. Ta karɓe takardar ta jefa aljihun tebur ta ce in ban gamsu ba ƙofa a buɗe take. Na yafe wa mutane da yawa, amma matar nan har yanzu ina fama da zuciyata a kanta.

A asibiti likita ya zaunar da ni ya yi min bayanin gyambon kwanciya. Nauyin jiki ne ke danne fata a kan ƙashi har jini ya daina zuwa wurin, kuma cikin 'yan awoyi ɓarnar ke iya farawa. Gyambon yana da matakai 4. Na farko jan tabo ne kawai, wanda in kika danna da yatsa ba ya yin fari, a fata mai duhu kuwa ya fi fitowa da duhu-duhu ko ɗumi ko tauri. A nan ake tare shi, da juyawa, da katifar iska, da matashi a ƙarƙashin ƙwauri don dunduniya ta daina taɓa gado. Na Baba ya kai na uku. Don haka duk inda kika kai Mama, kowane zuwa ki duba dunduniya, kwankwaso, ƙugu da kafaɗa. Kunya ce ta hana ni, kada ta hana ki.

Maganar magani kuma. Ina ta murna wai Baba ya natsu, ya daina kiran mutane cikin dare, ashe wani maganin taɓin hankali mai suna haloperidol ake ba shi ba a taɓa faɗa min ba. Tun 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gargaɗi cewa sababbin magungunan taɓin hankali suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu ciwon mantuwa, a 2008 ta haɗa har da tsofaffin magunguna irin haloperidol. Ba na cewa babu wanda yake buƙatarsu, amma likita ne zai yanke, kuma da saninki. Ki nemi takardar magungunan Mama duk wata. In kika ga tsofaffin gida jere a keken guragu da hantsi, kai a langaɓe, miyau na zuba, ki tsaya ki yi tunani. In kuma Mama ta rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ki yarda a ce mantuwar ce ta ƙaru. Sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko rashin ruwa, ko rashin bahaya, likita ya gan ta a ranar. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar mu, sai an miƙa masa.

Ki tambaye su mutum nawa ke aikin dare da tsofaffi nawa, sannan ki je da kanki bayan ƙarfe tara ki ƙirga. Gidan da ya hana ki zuwa ba sanarwa, ki bar shi. A gidan farko da na kai Baba yarinya ɗaya ce da ɗakuna kusan ashirin, na same ta tana kuka a lungu wani dare, ita ban riƙe ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gidajen kula da tsofaffi ma'aikata 2 cikin 3 sun amsa da bakinsu cewa sun taɓa muzguna wa tsoho cikin shekara guda. Gajiya da ƙarancin hannu na cikin abin da ke kawo haka. Ki tambayi ma'aikaciya tun yaushe take gidan, in duk wadda kika tambaya wata biyu ne ko uku, akwai abin da ke korar su.

Kuma ki shirya wa 'yan'uwa. Yayana da bai taka ƙafa gidan nan ba sai sau biyu, shi ne ya fara cewa ai ni na zaɓa. Kuɗi kawai yake turowa. Na yi wata shida ban ɗaga wayarsa ba, har yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ki sa kowa ya je ya gani da ke kafin a sa hannu, kada kayan su zama naki ke kaɗai.

Gida na biyu da na mayar da Baba tsohon gini ne, fenti duk ya koɗe, amma na danna ƙararrawa ina duban agogo, ba a yi minti uku ba wata ta shigo tana kiransa da sunansa. Suna auna nauyinsa kowane wata, domin raguwar kashi 5 cikin 100 a wata ɗaya alamar haɗari ce. Tabaransa da haƙoran robarsa ba su sake ɓata ba. A can gyambon ya rufe, bayan wata bakwai.

Faɗuwar nan biyu ta Mama ta tsaya min a rai. Kafin ma maganar gida, ki kwashi duk magungunanta a leda ɗaya ki kai wa likita, musamman na hawan jini da na barci, a auna jininta a kwance sannan a tsaye, a duba idonta. Allah ya ba ta lafiya. In kin je ganin wani gida ki dawo nan ki faɗa mana abin da kika gani da dare.