Tambaya da Amsa: Shin Mayar da Mota kan CNG Yana Rage Ɗumamar Duniya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban adaidaita sahu ne a Kano. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ake ta cewa mu koma CNG, wato matsattsiyar iskar gas da ake dura wa mota, wai yana da sauƙi kuma yana kare muhalli. Da gaske ne, ko tallar gwamnati ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da gaske ne, amma ragin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, dizal kuma kusan 2.7. A tafiya iri ɗaya, CNG yakan rage kabon da kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari idan aka kwatanta da fetur.

Inda gizo ke saƙa shi ne yoyo. Akasarin CNG iskar mitan ce, kuma idan ta tsere ba ta ƙone ba, cikin shekara 20 tana riƙe zafi fiye da kabon kusan sau 80. Ke nan mahaɗar bututu ɗaya da ba a ɗaure da kyau ba, ko ragileta (na'urar daidaita matsin gas) da bakanike ya saita da ka, za su iya cinye ribar duka. Bayan an haɗa maka, shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa; in ka ga kumfa na tashi, koma a gyara. Kada ka yarda a sa maka tukunyar gas ɗin girki ko wadda aka yi wa walda. Ana dura CNG ne a matsin bar 200 (ma'aunin matsin iska), tukunyar girki kuwa ba a ƙera ta don ko kusa da haka ba. Fashewa za ta yi.

Tambaya: To wace manufar sufuri ce ta fi rage hayaƙin?

Amsa: A ganinmu, yawan fasinja ya fi nau'in mai tasiri. Ɗauki misalin ƙaramar mota mai shan lita 10 a kilomita 100, da mutum ɗaya a ciki: giram 230 na kabon ke nan a kowace kilomita. Babbar bas mai shan lita 40 na dizal a kilomita 100, ɗauke da mutum 50, kowane fasinja bai wuce giram 22 ba. Wannan lissafi ne ya sa birnin Bogota na Kolombiya ya ware wa bas hanyarta a 2000, Legas ma ta buɗe tata irin wannan hanya, da ake kira BRT, a 2008. Sai dai in ba a keɓe mata layi ba, bas za ta maƙale a cunkoso, fasinja su gudu, ta dinga yawo rabin wofi. Faɗaɗa titi shi kaɗai ba ya magani, domin sabon titi sababbin motoci yake jawowa.

Nijeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Gilasgo a 2021 cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake zuƙewa ba. A Kano, matakin da muke son gani shi ne manyan bas a kan titunan Zariya da Katsina, ku kuma masu adaidaita ku riƙa kwaso fasinja daga unguwanni zuwa tashoshinsu.