Amsa ga mai tambayar yadda ake tambaya da Faransanci

Ƙanena, ka ce za ka fara zuwa Kwatano saro kaya, ka haddace kalmomi da yawa, amma da zarar za ka yi tambaya sai bakinka ya mutu, domin littafinka ya ce sai an juya aikatau ya riga wakilin suna. To ajiye wannan shafin tukuna. Na daɗe ina bin hanyar nan, kuma ban taɓa jin mai tebur a kasuwar Dantokpa ya ce mini « Que désirez-vous ? » ba.

Hanya uku masu jin Faransanci ke da su na yin tambaya. Ta farko irin tamu ce sak: yadda « Ka zo » ke zama « Ka zo? » da ɗaga murya kawai, haka « Tu viens » ke zama « Tu viens ? ». Ta biyu, ka sa est-ce que a gaba, ana faɗinsa « eske ». Kada ka wahalar da kanka wajen fassara shi, ɗauke shi kamar « shin » ɗinmu, ko « hal » na Larabci in ka yi Islamiyya. « Est-ce que le patron est là ? », wato shin maigida na nan? Ta uku ce ta littafinka, « Viens-tu ? », har da wani t da suke cusawa don daɗin furuci, « A-t-il payé ? ». Wannan ta takarda ce da jarrabawa da ofis. Ka iya gane ta in an yi maka, ya wadatar a yanzu.

Inda muka sha bamban da su a bakin titi shi ne mazaunin kalmar tambaya. Mu gaba muke kai ta: ina za ka, yaushe ka zo. Su kuwa a hira sukan bar ta a ƙarshe: « Tu vas où ? », « Tu pars quand ? », « C'est combien ? ». Wannan ta ƙarshen, wato nawa ne, ita za ka fi faɗa a rana. Sai dai tambayar ba ta da wuya, amsar ce aiki, don 80 a wurinsu « ashirin huɗu » ce, 90 kuma « ashirin huɗu da goma ». In ka rikice, miƙa masa waya ya rubuta. (In ta Maraɗi ka bi, can da Hausa za a amsa maka, amma da dala, kowace dala sefa 5, jika kuma sefa 1000.)

Yanzu ga wadda ta ci ni. Wani abokin ciniki ya gayyace ni gidansa, matarsa Bafaranshiya ce. Ta ɗauko kwanon naman rago, ta ga ina ɗan jan jiki irin na baƙo, sai ta ce « Vous ne voulez pas de viande ? ». Da Hausa in an ce maka « Ba ka son nama? » kana so, ai « A'a, ina so » za ka ce. Sai na ce « Non », ina murmushi ina gyara zama. Baiwar Allah ta juya da kwanon ta kai wa na kusa da ni. Shinkafa na ci gaya a daren nan, kunya ta hana ni gyarawa. Ashe suna da kalma ta uku bayan oui da non, wato si, wadda ake warware tambaya mai korewa da ita. Da « Si » na ce, da na ci nama.

Sannan duk wanda ba sa'anka ba, ko mai kaki a kan iyaka, vous na girmamawa za ka ce masa, ba tu ba. Kuma ka fara da « Bonjour » kafin ka tambayi ko da hanyar tasha ce. A nan kam ba sai an koya wa Bahaushe ba.